Muryar Mai Labari da Alƙalamin Marubuci: Waiwaye a kan Tarihin Dorugu da na Baba Mutuniyar Karo

1.0 Gabatarwa

Akwai wani rukunin littattafan tarihin rayuwa wanda masu labarin ba su rubuta da hannunsu ba; faɗa suka yi, wani ya rubuta. Wannan maƙala za ta dubi guda biyu daga cikinsu, wato labarin Dorugu da aka ɗauka a Ingila a 1856, da na Baba mutuniyar Karo da aka ɗauka a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950. Manufar ita ce a nuna cewa irin waɗannan littattafai shaida ce iri biyu, ta tarihi da ta harshe, kuma kowacce ba ta iso ga mai karatu ba sai da ta bi ta hannun wanda ya riƙe alƙalami.

2.0 Dorugu da Schön

An haifi Dorugu wajajen 1840 a yankin Damagaram. Yana yaro aka kama shi bawa, aka kai shi Kukawa ta Barno, inda Bajamushen nan Adolf Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai Dorugu da abokinsa Abbega suka koma hidimar Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim. Sun bi shi har Tumbutu, sannan suka ƙetare Sahara tare da shi suka isa Landan a 1855.

A can ne suka haɗu da J. F. Schön, ɗan mishan ɗin da ya fara sha'awar Hausa tun tafiyar Kogin Kwara ta 1841. Schön ya zaunar da Dorugu yana faɗa yana rubutawa: yarintarsa, da bautarsa, da garuruwan da ya ratsa, har da yadda ya ga Turawa suna zaman cin abinci. Daga wannan aiki Schön ya sami kayan da ya yi amfani da su a nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876. Labarin kuwa ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885, shekara 29 bayan ɗaukarsa.

Sa'ar da aka yi ita ce an buga maganar Dorugu da Hausa, don haka kalmominsa da ginin jimlolinsa suna nan, kuma suna cikin mafi tsufar doguwar zancen baka ta Bahaushe da ake da ita a rubutun boko. To amma Schön bai zauna a ƙasar Hausa ba, kuma rubutunsa bai bambanta baƙaƙe masu lanƙwasa da takwarorinsu yadda ya kamata ba. A irin wannan rubutu ƙafa da kafa, ko ɓata da bata, kamarsu ɗaya. Karin sauti ma ba a nuna shi ba. Saboda haka idan manazarci ya ci karo da wata baƙuwar siga, dole ya tambayi kansa: karin harshen Damagaram ne na wancan zamani, ko kunnen Schön ne ya kuskure? A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman sun yi ɗawainiyar wannan tantancewa a fassararsu ta Ingilishi ta 1971. Shi kuwa Dorugu ya dawo gida a 1864, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, Kano, ya rasu a 1912.

3.0 Baba da Mary Smith

Al'amarin Baba ya sha bamban. An haife ta wajajen 1877, ta tashi a Karo, wani ƙauye a kan iyakar Kano da Zazzau, cikin zuriyar da asalinta Barebari ne. Tana tsohuwa a Giwa ta haɗu da Mary Smith, matar M. G. Smith wanda ke binciken zamantakewa a ƙasar Zazzau. Cikin kimanin mako shida Baba ta ba da labarinta, Mary na rubutawa da hannu. Baba ta rasu a 1951, littafin kuma ya fito a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo.

Abin da Baba ta faɗa ba a samunsa a tarihin sarakuna. Ta yi bayanin rinji da zaman bayi da iyayengijinsu, da fargabar masu kamen mutane a hanya, da yadda zuwan Turawa ya kawo zaman lafiya amma ya raba gidansu da bayinsa. Ta yi maganar aurenta huɗu, da rashin haihuwa, da riƙon 'ya'ya, da ƙawance, da kishi, da bori. Wannan tarihin cikin gida ne, wanda namijin mai bincike ba shi da hanyar kaiwa gare shi a lokacin.

Sai dai da Ingilishi duniya ta fara jin Baba. An kasa labarin babi-babi, an yi masa gabatarwa da bayanai domin masu nazarin al'umma na Turai. Matanin Hausa bai fito ba sai a farkon shekarun 1990, da sunan Labarin Baba, kusan shekara 40 bayan fassarar. A tsawon wannan lokaci malamai sun yi ta kafa hujja da kalamanta alhali ba su ga kalmomin da ta furta ba. Kalma irin ƙawa ko kunya ko rinji tana ɗauke da nauyin da fassara ba ta iya ɗauka duka.

4.0 Kwatanci

Idan aka jera littattafan biyu za a ga kowanne ya tsira da wani abu, ya rasa wani. Na Dorugu ya tsira da harshe, ya rasa ingancin furuci. Na Baba ya sami marubuciyar da ta zauna cikin matan Hausawa, amma harshen ya daɗe a ɓoye. Dukansu kuma sun rasa murya kanta: ɗagawa da saukewa, da shiru, da dariya. Sunan Baba ma misali ne, domin a rubutun yau da kullum uba da uwa da shukar rini duk baba ne. Sai a baki karin sauti da tsawon wasali ke rarrabe su. Haka nan ba a rubuta tambayoyin da aka yi musu ba, ga shi kuwa tambaya ce ke jan akalar amsa. Kowannensu baƙo yake yi wa bayani, don haka ya fayyace abin da ɗan gida ba zai buƙata ba, wataƙila kuma ya sakaya abin da bai dace baƙo ya ji ba.

5.0 Kammalawa

Bai kamata a ɗauki waɗannan littattafai a matsayin murya tsantsa ba, bai kuma kamata a yi watsi da su don baƙi ne suka rubuta ba. Abin da ya dace shi ne sassan nazarin harsunan Nijeriya su fitar da matanin asali cikin ingantacciyar ƙa'idar rubutu, tare da nuna inda aka yi gyara da dalilinsa. Masu tattara tarihin baka a yau, da Hausa ko Yarabanci ko Ibo ko Kanuri, suna da na'urar ɗaukar magana wadda Schön bai samu ba. Wajibi ne su adana muryar, su rubuta tambayoyinsu, su kuma buga harshen asali kafin fassara.