Saje Joseph Stones: Mahaƙin Kwal da Aka Hana Tunawa da Shi

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba labarin soja guda ɗaya daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, domin mu ga yadda hukuma kan zaɓi wanda za a tuna da wanda za a mance.

Daga ramin kwal zuwa ramin yaƙi

Joseph Stones mutumin Crook ne, a lardin Durham na arewacin Ingila, kuma haƙar kwal ce sana'arsa. A farkon yaƙin, rundunar Birtaniya ba ta ɗaukar wanda tsawonsa bai kai ƙafa 5 da inci 3 ba. Da buƙatar mayaƙa ta tsananta sai aka kafa bataliyoyin gajeru, waɗanda ake kira Bantam, watau wani irin ƙaramin zakara mai faɗa. Mahaƙan kwal sun shige su da yawa, gama gajarta ba ta rage musu ƙarfi ba. Stones ya shiga bataliya ta 19 ta sojan ƙasa na Durham a 1915, har ya kai ƙaramin saje.

A daren 26 ga Nuwamba 1916, kusa da Arras a Faransa, Jamusawa suka auka wa Stones da hafsansa a cikin rami, suka yi wa hafsan raunin da ya zama ajalinsa. Stones ya shaida wa kotun soja cewa ya gitta bindigarsa ne a ramin don ya tare abokan gaba, sa'an nan ya ruga ya faɗakar da 'yan'uwansa. Kotu ba ta karɓi wannan hanzari ba, ta same shi da laifin yar da makami. Ran 18 ga Janairu 1917 aka harbe shi tare da laskofur biyu na bataliyarsa, Peter Goggins da John McDonald.

Bayan mutuwa

Hukuncin bai ƙare a kabari ba. Da mutanen Crook suka gina dutsen tunawa da mazajensu, ba a rubuta sunansa ba, sai a 1997. A 2006 Majalisar Birtaniya ta yi afuwa ga sojoji 306 da aka harbe a yaƙin, har da shi. Amma ya kamata mu lura, dokar ba ta soke hukuncin kotun ba. Abin da ta yi shi ne amincewa da cewa su ma yaƙin ne ya cinye su.

Kammalawa

Darasin da za mu ɗauka a nan shi ne, jerin sunayen da ke jikin dutse ba shi ne dukkan tarihi ba. Wajibi ne manazarci ya tambayi wa ya tsara jerin, kuma wa aka tsallake. Shekara 80 sunan Stones ya yi yana jiran masu yin wannan tambaya.