Na Gaba da Na Baya a Zanen Fuskar Gini

Duk ma'aikacin da ya taɓa riƙe takardun kwangilar gini ya san zane iri uku ne ke cikinsu: na shimfiɗa, wanda magina ke kira fulan, da na tsaga, mai nuna cikin gini kamar an yanka shi, da na fuska, mai nuna shi kamar an tsaya gabansa sosai. Wannan na ukun yana da wata matsala. A cikinsa nisa ba ya rage girman abu, saboda haka bangon da ke kusa da wanda ke can baya sukan fito da tsawo ɗaya. Maganin da masu zane suka samo shi ne su kaurara layin abin da ke gaba, su dusashe na baya. Wannan al'ada tana da tarihi, kuma tarihin ya shafi ƙasar Hausa.

A ƙasar Italiya aka fara muhawarar. Alberti, a littafinsa na gine-gine da aka buga a 1485, ya raba aikin mai hoto da na mai zanen gini: na farko yana wasa da inuwa domin ya rinjayi ido, na biyu kuwa awo na gaskiya ake nema gare shi. Leonardo da Vinci, wanda ya rasu a 1519, ya bayyana yadda iska ke kashe kaifin abin da ya yi nisa. Mutumin Zamfara ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ya ga yadda hazon hunturu ke barin kukar da ke kusa baƙa ƙirin, ta nesa kuwa ta zama toka-toka. Daga baya Gaspard Monge na Faransa ya tsara lissafin zanen a littafinsa na 1799. Masu zanen gini sai suka haɗa biyun, awo daga wannan, dusashewa daga wancan.

Maginan Hausa ba su bi ta takarda ba. A ƙasa ake shata gida, a auna da taki da kamu, sauran kuwa yana cikin kan magini. Da irin wannan ilmi Babban Gwani Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Amma sun san na gaba da na baya sarai. Zaure ne fuskar gida, shi ake yi wa zankwaye da ado da makuba. Shigifa na bayansa, cikin gida kuwa a sakaye yake da gangan, don kunya da tsaron mutunci.

Matafiya Turawa ne suka soma sa garuruwan nan a takarda. Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824 kan hanyarsa ta Sakkwato, Barth ma ya bi ta can a 1853. Hoton Kano daga kan Dutsen Dala da ke cikin littafin Barth ya bi dokar masu hoto, watau gidajen kusa sun fito fili, na nesa sun narke. Awo na sosai ya zo ne a ƙarni na 20, musamman ta hannun Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, wanda ya auna fadoji da masallatai da gidajen jama'a. Ya rasu a 1982, aka buga aikinsa cikin juzu'i 3 a 1990. A Jos kuma an kwaikwayi masallacin Zariya da wani sashe na ganuwar Kano a gidan tarihin gine-ginen gargajiya.

Sai dai hankalin masu nazari ya fi karkata ga manyan birane. Garuruwa irin su Galadi da sauran ƙauyukan Shinkafi da Zurmi sun zama na baya, alhali a irinsu ne ake ganin rumbu da rufewa da darnin kara, watau ginin manomi. Isowar jirgin ƙasa Ƙauran Namoda a 1929 ta sauƙaƙa shigowar kwano da siminti. Daga shekarun 2010 kuma rashin tsaro ya kori mutane da yawa daga ƙauyukan arewacin Zamfara. Ginin ƙasa kuwa yaɓe ne ransa. In aka bar shi damina kaɗan babu mai gyara, sai ya koma ƙasar da aka ɗebo shi.

Kwamfuta ta gaji al'adar ba tare da ta sake ta ba. AutoCAD ta fito a 1982, Revit a 2000, a 2016 kuma aka ƙara wa Revit hanyar dusashe na baya da kanta: mai zane ya sa iyaka ta kusa da ta nesa, abin da ke tsakani ya riƙa kodewa gwargwadon nisansa. Aikin da a dā yake cin sa'o'i ana canza alƙalami yanzu ya zama na ɗan lokaci. Amma na'ura nisa kaɗai take aunawa. Mutum ne ke zaɓen inda za a tsaya, kuma inda aka tsaya shi ke yanke abin da zai fito da abin da zai dusashe.

A nan nauyin ya faɗo kan ɗalibi da ma'aikaci. Ɗalibin da ke koyon zane, a Zariya yake ko a Ƙauran Namoda, ya kamata ya san layi marar kauri alamar nisa ce kurum, ba ta ƙarancin daraja ba. Jami'in da ake kawo wa fulan na sabuwar makaranta ko kasuwa kuwa, ya kyautu ya tambayi mene ne wancan inuwa-inuwa da ke bayan ginin. In tsohon masallaci ne ko zauren mai gari, sai ya nemi a auna shi, a ba shi takardarsa ta kansa da layi mai kauri, tun kafin a kafa tubalin farko.