Maƙeran Adar da sana'ar raba ƙarfe da dutse

Kafin tarkacen motoci ya cika kasuwannin Birnin Ƙonni da Illela, duk hauyar da manomi ya saɓa a wannan yanki daga dutse ta fito. Tuddan Adar cike suke da tama, wani jan dutse mai nauyi wanda ƙarfe ke cakuɗe a cikinsa da yashi da yumɓu. Raba wannan cakuɗa ita ce sana'ar maƙeran baƙi, kuma gado ce da ɗa ke karɓa a hannun ubansa.

Da ido da hannu ake soma aikin. A haƙo tama, a farfasa, a tsince mai nauyi a watsar da marmara, sannan a rairaye ƙasar da ta manne. Gawayi ma ba kowane ba: na ƙirya maƙera suka fi so, saboda yana da zafi kuma ba ya saurin zama toka.

Sai babban aikin. Akan gina murhun yumɓu mai tsayi, a jera masa bututan shigar iska ta gindi, a riƙa zuba gawayi da tama hawa-hawa, a kunna wuta. Zafin irin wannan murhu yakan kai digiri 1,200 ko kusa da haka, alhali ƙarfe ba ya narkewa sai ya kai digiri 1,538. A nan gwanintar take. Iskar da gawayi ke fitarwa ita ke janye iskar oksijin daga jikin tama, ƙarfen ya rabu ya dunƙule wuri guda. Yashi da yumɓu kuwa su ne ke narkewa su kwarara ƙasa, su daskare su zama kashin maƙera. Wato dattin ake narkarwa, a bar ƙarfen.

Curin da ake cirowa daga murhu kamar soso yake, duk ramuka, da sauran datti a ciki. Sai an kai shi maƙera, yaro na zuga zugazugi, maƙeri na duka yana ninkewa, kowane bugu na matse ragowar dattin, kafin ya isa a ƙera lauje ko gatari ko mashi. Manomi da maharbi da mayaƙan Sarkin Adar duk a wannan hannu suke jira.

Maƙeran ba su ɗauki aikin a matsayin wuta da dutse kawai ba. Wata Bafaranshiya mai nazarin al'adu, Nicole Echard, wadda ta yi bincike a Adar a shekarun 1960, ta ɗauki narkar da tama a fim ɗinta mai suna Noces de feu. Bincikenta ya nuna yadda maƙeran ke kallon aikin da idon aure da haihuwa, suna kewaye shi da tsafe-tsafe da hane-hane.

Abin da ya kashe sana'ar sauƙi ne. Zamanin mulkin Faransa ya kawo ƙarfen Turai, daga baya motoci suka yawaita, kuma sifirin tsohuwar mota ya riga ya tatu, ba ya bukatar haƙa ko dakon gawayi. Maƙera suka ci gaba da ƙira, suka bar narkarwa.

Sai dai wuta ba ta daina raba dutse a yankin ba. Tun shekarun 1960 masana'antar siminti ke aiki a Malbaza, inda ake gasa dutsen farar ƙasa. Idan zafi ya kai wajen digiri 900, iskar kabon ta fice daga dutsen. A wajen digiri 1,450 abin da ya rage ya haɗu da yumɓu ya zama tsakuwar da ake niƙawa da ɗan jifsum a samu siminti. Ma'aikatan yau suna da na'urorin awon zafi da ɗakin gwaji. Maƙeran Adar da launin harshen wuta suke gane zafi, kuma da wannan ilimi suka wadata ƙasarsu da kayan noma da na yaƙi tsawon ƙarnoni.