Daga Allo Zuwa Kwamfuta: Yadda Ilimi Ke Tsallake Unguwarmu

 

Jama'ar zango, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wani abu da ya faru da mu a bara. Wani yaro daga Islamiyyarmu, wanda ya sauke Alƙur'ani kuma ake buga misali da shi wajen lissafi, ya je jarrabawar JAMB ya dawo yana share hawaye. Da muka zaunar da shi, sai ya ce mana: "Wallahi Malam, na san amsoshin, amma ban taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar. Kafin hannuna ya saba, lokaci ya tafi." Tambaya 180 ce cikin awa 2. Tun daga ranar muke ta tunani, sai muka ga wannan ciwo yana da tarihi, kuma ya kamata a faɗe shi tun daga tushe.

Kakanninmu fatake ne. Daga ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau suka riƙa gangarowa da jakuna, ɗauke da kanwa da gishiri da tufafi, bayan Malam Yakubu ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa birnin Bauchi a farkon ƙarni na 19. Wasu suka sauke kaya suka zauna, aka yi aure, aka haife mu. Kayan neman ilimi a wancan zamani allo ne da tawada da alƙalamin kara. Ɗan attajiri da ɗan mai dako duk allo ɗaya suke riƙewa, a zaure ɗaya, gaban malami ɗaya. Littattafai kam suna da wuya, don da hannu ake kwafarsu, amma malamai na ba da aro, ɗalibi ya kwafe ya mayar. Wato ko a lokacin akwai mai shi da mara shi, sai dai akwai hanyar da mara shi ke bi ya samu.

Da Turawa suka ci Bauchi a 1902, sai aka zo da wani sabon ilimi, kuma ƙofarsa ƙarama ce. Yara kaɗan ake ɗauka a makarantar boko, mu kuma iyayenmu suna ɓoye nasu don tsoron kada a ɓata musu addini. Ta wannan ƙaramar ƙofa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi, daga makarantar Bauchi zuwa Kwalejin Katsina, har ya zama Firayim Minista. A nan garin ne kuma Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka riƙa tara matasa a shekarun 1940 ana muhawara kan halin da talaka ke ciki. Mu 'yan zango a lokacin muna kasuwa. Sai da aka zo rabon aikin gwamnati muka farga cewa an yi tafiya an bar mu. Wannan shi ne karo na farko.

Karo na biyu shi ne na wayar tarho. Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976, ma'aikata suka cika gari, aka kafa jami'a a 1980, wadda a 1988 aka sa mata sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma layin tarho sai a ofisoshi da gidajen GRA da na wasu manyan 'yan kasuwa. Duk wanda ya kai shekarunmu ya tuna yadda muke yi idan muna son sanin farashin kaya a Kantin Kwari ko Kurmi: ko dai a ba direban mota wasiƙa a tasha, ko a je a roƙi alfarma gidan mai waya, a tsaya a ƙofa ana jiran a ce shigo. Mai waya ya san farashi yau, mu sai jibi. Riba kuwa tana wajen wanda ya riga ji.

A watan Agustan 2001 aka fara wayar salula a Najeriya. Da fari layi kaɗai ya kai naira 20,000 ko fiye, kira kuma naira 50 a minti. Sai ga 'yan lema a bakin Wunti da Babbar Kasuwa da Muda Lawal, ka biya ka kira. Bayan da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashi ya yi ta sauka, har aka wayi gari mai shayi da mai faskare kowa da tasa. Gaskiya a nan Allah ya yi mana gyaɗar dogo, domin a karon farko wani sabon abu ya iso zango ba a makare sosai ba. Wannan nasara ce ta ruɗe mu, muka ɗauka an gama.

Ashe da sauran rina a kaba. Ita intanet ta fara shigowa ne ta shagunan kafe, kuma yawancinsu inda ɗalibai suke aka buɗe su, wato Yelwa da Gwallameji da kewayen manyan makarantu. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, a Legas suke sauka, kafin a ja su zuwa Arewa kuɗi ya ƙaru. Kamfani kuma ɗan kasuwa ne kamar mu, inda zai mayar da kuɗinsa nan yake kai waya. Unguwar da ke da lunguna, da gidajen haya, da mutanen da sai sun fita za su ci, ita ce ta ƙarshe a lissafi.

Gwamnati kuwa ba ta jira kowa ba. JAMB ta fara gwada jarrabawa a kwamfuta a 2013, daga 2015 ta mayar da ita dole. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Maris 2020, 'ya'yan masu hali suka ci gaba da darasi ta intanet a ɗakunansu, namu kuma suka koma tallan ruwa da zaman shago. A ƙarshen shekarar aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardar naira, wanda bai iya tura kuɗi ta waya ba ya ga tasku. Yau neman aiki, neman gurbin karatu, duba sakamako, duk ta intanet ne. Abin lura, ministan sadarwa daga 2019 zuwa 2023, Malam Isa Ali Pantami, a jami'ar garin nan ya yi karatu har ya koyar. Ke nan ilimin yana nan Bauchi, tsakaninmu da shi kuɗin Keke Napep ne, amma bai shigo lungunanmu ba.

Wani zai ce, "To Malam, ai kowa na da waya." Haka ne, amma mu duba da kyau. A gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, yana kasuwa tun safe sai bayan isha'i. Data ta kwana ɗaya ake saye, ita ma a farkon 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Ga matsalar wuta, wayar takan wuni wajen mai caji. Sannan waya daban, kwamfuta daban. Yaron da ya ƙware a TikTok ba lallai ya iya buga takarda ko cike fom ba. Mafi tsanani kuma shi ne halin 'yan matanmu. Namiji zai iya fita ya je kafe, ko ya ari wayar aboki. Mace tana gida, idan babu a gida to babu ke nan.

Mu malamai ma muna da namu laifin, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Mun daɗe muna wa'azi kan sharrin da ke cikin intanet, kuma sharrin yana nan, ba mu janye ba. Sai dai mun tsaya ga tsoratarwa, ba mu tanadi wurin da yaro zai koya a gaban babba ba. Abin da iyayenmu suka yi da boko shi muke maimaitawa, kuma mun ga inda ya kai mu.

Tarihin nan ya nuna mana abin yi. Kakanninmu ba su jira hukuma ta gina musu makarantar allo ba, zaure suka bayar. Rijiya da masallaci da maƙabarta duk da karo-karo aka yi su. Shawararmu ga kwamitin unguwa ita ce a ware ɗaki ɗaya a Islamiyya, a sa sola, a sayi kwamfutoci na hannu ko guda 5 ne, a riƙa biyan data ta wata daga asusun masallaci da gudummawar 'yan kasuwa. A raba lokaci, mata da safe tare da malama, maza bayan la'asar. 'Ya'yanmu da suka gama ATBU da Kwalejin Tatari Ali da ta Gwallameji su ba da awa 2 a mako, wannan ita ce zakkar iliminsu. Wanda Allah ya hore wa, ya sayi kwamfuta ɗaya ya yi waƙafi da ita don iyayensa, in sha Allahu sadaka ce mai gudana.

Shi yaron da muka fara da labarinsa, wani maƙwabci ya riƙa ba shi aron kwamfutarsa da daddare, yana ta gwaji, kuma zai sake zama jarrabawar. Muna roƙon a sa shi a addu'a. Za a tattauna maganar ɗakin bayan sallar Juma'a mai zuwa, kowa ya zo da abin da zai iya.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya jiƙan magabatanmu. Amin.