Dokin ƙarfe a ƙasar Damagaram

A shekarun 1890 wani hafsan sojan Faransa, Kyaftin Gérard, ya fito da keke mai naɗewa gida biyu, wanda soja kan goya a baya idan hanya ta ƙi. Daga bisani kamfanin Peugeot ya ƙera shi da yawa. Amma sa'ad da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, bayan yaƙin Tirmini, da dawaki da raƙuma suka zo, domin rairayi ba ya raga wa taya.

Keken da ya samu gindin zama a Dawce da kewayen Matameye, ta hanyar Kano da Daura ya shigo, da kuɗin gyaɗa. Irin su Raleigh ne, masu nauyi, masu ɗaukar buhu. Manomi bai nemi abin naɗewa ba, magajin doki ya nema. Shi ya sa mazaunin keke ya ci sunan sirdi, aka rataya masa tuntaye da madubai, aka nannaɗe ƙarfensa da roba mai launi.

Yau babur ya sha gabansa, gwanayen wannan ado kuwa suna tsufa. Ya kamata malamai da ƙungiyoyinmu su je su ji daga bakinsu tun da sauran rana.