Chester a Kan Keken Guragu: Nazarin Tsohon Gari da Baƙinsa Masu Buƙata ta Musamman

A ƙarshen 2016 Hukumar Tarayyar Turai ta sanar cewa Chester, wani tsohon gari a arewa maso yammacin Ingila daf da iyakar Wales, shi ya lashe kyautar 2017 ta garin da ya fi sauƙaƙa wa naƙasassu zirga-zirga. Shi ne na farko a Birtaniya da ya same ta, har ya sha gaban Rotterdam, birnin da aka sake gina tsakiyarsa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Chester kuwa sansanin sojan Rumawa ne tun ƙarni na 1 Miladiyya, ganuwa mai kimanin kilomita 3 ta kewaye shi, kuma kasuwarsa da ta fi suna a kan bene take. Garin da ya fara cin kyautar, Avila na ƙasar Sifaniya, shi ma mai ganuwa ne. Wannan kaɗai ya isa ya raunana hujjar masu cewa tsohon gari ba ya gyaruwa. Abin da wannan nazari ke son nunawa shi ne Chester ya yi nisa wajen buɗe wa mai keken guragu wuraren da zai yi yini, amma wurin da zai kwana, a nan kamar sauran garuruwan Ingila, har yanzu da sauran aiki.

Ma'aunin da ya dace a yi amfani da shi ya fito ne daga naƙasassun Birtaniya da kansu. A 1976 wata ƙungiyarsu mai suna UPIAS ta bambanta tsakanin lalurar da ke jikin mutum da shingen da al'umma ke gitta masa, sannan masanin zamantakewa Mike Oliver, wanda shi ma a keke yake, ya faɗaɗa wannan fahimta a 1983. A bisa wannan ra'ayi, idan mutum ya kasa shiga shago saboda matakala uku, matakalar ce abin tuhuma. Ziyara kuma sarƙa ce: jirgin ƙasa, tasi, titi, ƙofa, banɗaki, gado. Ƙarfe ɗaya ya tsinke, tafiyar ta lalace. Ba kuma 'yan tsiraru ake magana a kansu ba, domin ƙidayar 2021 ta nuna mutum miliyan 9.8 a Ingila, wato kashi 17.7 cikin 100, suna da wata naƙasa.

Darasi mafi girma yana cikin abin da mutanen garin ke kira Rows. Wasu dogayen baranda ne masu rufi a hawa na ɗaya, jere da shaguna, sun bi manyan tituna huɗu da suka haɗu a tsakiyar gari: Eastgate, Northgate, Watergate da Bridge Street. Tun ƙarni na 13 suke. Daga titi, ƙananan matakalu masu tsayi ne ke kai mutum sama, shagunan ƙasa kuma da yawansu sai an ɗan sauka kafin a shiga. Da wuya a samu tsarin da ya fi wannan ƙin keke. Sai dai ƙasar da ke bayan gine-ginen ta fi titi tudu, abin da masana da dama ke dangantawa da ɓaraguzan gine-ginen Rumawa da aka yi gini a gabansu. Saboda haka abin da yake bene daga gaba, daga baya daidai yake da ƙasa. Wanda ya biyo lungun Godstall daga wajen babbar majami'a zai shiga barandar Eastgate ba tare da ya taka matakala ba, haka wanda ya hau lif a cibiyar kasuwanci ta Grosvenor.  An dai fahimci yadda garin ya kwanta, an ƙara gangara inda ta yiwu, an zana taswira. Amma a faɗi gaskiya, barandar ba a haɗe take ba. Lunguna suna yanka ta, sai mai keke ya koma baya ya zagaya ya sake shiga ta wata kafa. Abin da mai ƙafa zai yi a minti biyu, shi sai ya ninka sau da yawa.

Ganuwar ta fi nuna iyakar abin da ake iya yi. An sa gangara a wurare da dama, kuma ta yamma, inda take kallon filin sukuwa na Roodee, hanyar kan ganuwa daidai take da titi. Amma kan ƙofar Eastgate, inda wani agogo na 1899 yake, matakala ce ke kai mutum, haka matakalar da aka gina a 1785 a kusurwar kudu maso gabas. Mai keke zai ga sassan ganuwa, ba zai kewaye ta a tashi ɗaya ba.

A nan rukunin dokoki biyu ke ja-in-ja. Dokar hana wariyar naƙasassu ta 1995 ta wajabta wa masu hulɗa da jama'a gyara gine-ginensu daga Oktoba 2004, Dokar Daidaito ta 2010 kuma ta gaje ta. Wajibin da ta ɗora shi ne a yi gyaran da hankali zai ɗauka, a kuma yi shi tun kafin baƙo ya zo ya roƙa, ba tare da an caje shi ko kwabo ba. A ɗaya ɓangaren, dokar 1990 ta kare gine-ginen tarihi, ta 1979 kuma ta kare kufai irin su ganuwa, ba a taɓa su sai da izini. Kotu ta nuna cewa wannan kariya ba mafaka ba ce. A 2009 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin da ya tilasta wa bankin Royal Bank of Scotland sa lif a wani reshensa da ke cikin ginin tarihi a Sheffield, bayan wani matashi mai keke ya kai ƙara. Bankin ya ce ai yana iya hulɗa ta waya ko intanet, kotu ta ƙi yarda.

Sufuri ya fi sauƙin bayani. Tasi masu lasisin tsayawa a tasha a Chester dole su iya ɗaukar keke, akwai kuma shirin Shopmobility mai ba da hayar keke da babur ɗin lantarki a tsakiyar gari. Tun Afrilu 2022 sanarwar awa biyu ta isa a tanadar wa fasinjan jirgin ƙasa mai taimako. A bas kuwa, Kotun Ƙoli ta yanke a Janairu 2017, a shari'ar Doug Paulley, cewa bai isa direba ya roƙi wanda ya tare gurbin keke sau ɗaya ya yi shiru ba.

Banɗaki ne abin da littattafan yawon buɗe ido ke jin kunyar ambata, alhali shi ke yanke tsawon ziyara. Wani mabuɗi na musamman mai suna Radar yana buɗe dubban banɗakunan naƙasassu a faɗin ƙasar, amma waɗannan an yi su ne don wanda zai iya ɗaga kansa daga keke. Wanda ba zai iya ba, iyalinsa kan shimfiɗa shi a ƙasan banɗaki su gyara shi, abin da bai dace da mutuncin ɗan Adam ba. Shi ya sa aka fara gangamin Changing Places a 2006: ɗaki mai murabba'in mita 12, da benci na manya mai hawa da sauka, da na'urar ɗaga mutum. Chester na da irinsu a wurare da dama, ciki har da Storyhouse, tsohon gidan silima na 1936 da aka mayar gidan wasan kwaikwayo da laburare a 2017. Tun Janairu 2021 suka zama tilas a manyan sabbin gine-ginen jama'a a Ingila.

Idan dare ya yi, lissafi ya sauya. Ƙa'idar gini ta Ingila ta ce a kowane ɗaki 20 na otal a samu aƙalla ɗaya da keke zai iya shiga ya juya. Landan ta ɗaga nata zuwa kashi 10 cikin 100 a tsarinta na 2011. Amma wannan ƙa'ida tana aiki ne a kan sabon gini ko babban gyara, alhali masaukai da yawa na cikin ganuwa tsofaffin gidaje ne masu ƙananan ƙofofi da matakalu masu lanƙwasa. Sakamakon shi ne mai keke ya fi samun tabbas a sabbin otal na manyan kamfanoni, sau da yawa a gefen gari, nesa da abin da ya zo gani. Ƙa'idar ba ta tilasta sa na'urar ɗaga mutum a ɗakin kwana ba. Ke nan mutumin da garin ya tanadar wa na'ura a banɗakin gidan wasa da rana, yana iya rasa abin da zai ɗora shi kan gado da dare. A ganina wannan shi ne babban giɓin tsarin gaba ɗaya, kuma ba a ɗora laifinsa a kan ganuwar Rumawa.

Akwai kuma matsalar bayani. Otal na iya tallata ɗaki a matsayin na naƙasassu, baƙo ya iso ya tarar da baho mai tsayi maimakon shawa ta ƙasa, ko gado mai rufaffen ƙasa da ƙafafun na'urar ɗagawa ba za su shige ba. Wannan ne ya haifar da AccessAble, wanda Gregory Burke ya kafa a 2000 da sunan DisabledGo, masu tura ma'aikata su auna faɗin ƙofa da tsayin gado, da kuma Euan's Guide na 2013, inda naƙasassu ke rubuta abin da suka gani da idonsu. Idan kuma aka saɓa doka, nauyin kai ƙara yana kan wanda aka cuta, cikin wata shida. Baƙon da ya zo kwana biyu daga wata ƙasa ba zai yi shari'a ba, kuma masu masauki sun san da haka.

Don haka mai shirin kai mahaifi ko ɗa mai keke Ingila, don jinya ko bikin kammala karatu, kada ya wadatu da kalmar da ke kan talla. Ya tambayi faɗin ƙofar banɗaki da santimita, ya tambaya ko shawar tana da dakali, ko akwai sarari a ƙarƙashin gado, ko akwai lif na biyu idan ɗaya ya lalace. Ya nemi hoton ɗakin, ya kuma sa a rubuta masa cewa shi za a ajiye masa, kafin ya biya kuɗi.