Masallatan Baƙi a Adjamé da Treichville

Da Faransawa suka mayar da Abidjan hedikwatar mulkinsu a Kwaddibuwa a 1934, sun keɓe wa kansu unguwar Plateau, suka bar baƙar fata a gefe biyu: Adjamé daga arewa, Treichville daga kudu a tsallaken tafki. Ƙasar ta Ebriye ce tun asali, amma layin dogo da aka fara shimfiɗawa a 1904, da tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1951, sun kwararo da baƙi har suka rinjayi masu gida. Akwai Julawa da Mosawa da Wolof da Fulani da Yarabawa, akwai kuma Hausawan Nijar da Najeriya masu fataucin goro da dabbobi. Har yau abincin garin rogo da soyayyen kifi da talakan birnin ke karya kumallo da shi sunansa garba, saboda 'yan Nijar da suka shahara da sayar da shi.

Da farko addini bai rushe katangar ƙabila ba. A Treichville an san masallacin Julawa, da na 'yan Senegal, da na Fulani, kowa da limaminsa da harshen wa'azinsa, domin baƙo ba ya sakin jiki sai inda ake jin maganarsa. Sai dai alƙibla ɗaya ce, salla da Larabci ake yin ta, akasarinsu kuma Malikawa ne, da yawa 'yan Tijjaniyya ko Ƙadiriyya. Saboda haka Bahaushen da bai iya Julanci ba yana iya bin limami Bajule ba tare da tafinta ba. Daga sahu aka kai ga bashi a kasuwa, da auratayya, da ɗaukar gawar wanda ya rasu ba dangi kusa. A ganina wannan na ƙarshe ya fi komai ɗaure zumunci, don wanda ya binne maka uba ya wuce abokin ciniki.

Masu gida ma ta hannun baƙo sabon addini ya zo musu. William Wade Harris, mai wa'azin Kirista daga Laberiya, ya ratsa gaɓar tekun a 1913 da 1914, kuma cocinsa na da ƙarfi a tsakanin Ebriye har yanzu.

Haɗin kan Musulmi ya kai ga kafa majalisarsu ta ƙasa a 1993, amma ya zo da tsadarsa. Da siyasar "ɗan ƙasa na asali" ta kunno kai bayan rasuwar Houphouët-Boigny a ƙarshen shekarar, sai kalmar Jula ta zama kuɗin goro ga duk mai salla, ko daga Korhogo yake ko daga Maraɗi. A rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011 an kai hari kan masallatai a Abidjan, an kashe limamai, ba tare da an tambayi mamu ƙabilarsu ba.